Ranar da Na Turara Gwaggo Asabe da Baƙin Mai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai amarya daga unguwar Perry Barr ta Birmingham zuwa Manchester ba. Ko na so mantawa ma, akwai masu tuna mini.

Lokacin ina digiri na uku, ina haya a gidan ɗalibai a Selly Oak. In ba ka same ni a laburare ba, to ina ɗaki. Na sayi wata tsohuwar mota ja, kuma da na kai ta gwajin lafiyar mota, wato MOT, aka ce ta haye, sai dai tsatsa ta fara cin ƙasanta. A nan idan sanyi ya shigo hukumar gari na watsa gishiri a titi don kada ƙanƙara ta kama, gishirin kuwa shi ke cinye ƙarfe. Wani zai ji wannan ya yi gaba abinsa. Ni sai da na ajiye nawa binciken na koma karatun tsatsa, har na fi sanin ta a kan abin da ya kawo ni Ingila.

Ana haka Rumasa'u ta tare ni a bakin laburare. Yarinyar da na daɗe ina shirya mata jawabi a raina, amma da mun haɗu sai in ce "Sannu da karatu" in wuce. Ta ce za a kai yayarta gidan miji a unguwar Moss Side ta Manchester ranar Asabar, motoci sun yi kaɗan, ko zan ɗauki Gwaggo Asabe da Anti Bilki? Gwaggo Asabe ƙanwar babansu ce, daga Kano ta zo takanas, kuma kowa ya san duk mai neman 'yar gidan sai ya bi ta gabanta. Na ce to. (A gaskiya kai kawai na gyaɗa, muryar ba ta fito ba.)

Na ƙudura cewa Gwaggo za ta shiga motar da ba ta da aibi ko ɗaya, har a inda ido ba ya gani. Ranar Juma'a na ɗaga motar a bayan gida, na kwanta a kan kwali, na kankare tsatsar da buroshin ƙarfe, na shafa maganinta na bari ya bushe. Har nan daidai nake. Saura man kariya, wani mai kauri kamar kaki da ake fesawa. Da na duba sai na ga kamar bai isa ba. Nan na tuna Baba a Zariya: ƙyauren gida, katakon rufi, baron ɗiban ruwa, duk baƙin mai yake shafa musu, kuma ba gara ba tsatsa. Na samo tsohon man inji na gauraya. Na fesa ko'ina, har salansa, na kuma ɗura cikin ƙofofi ta 'yan ramukan da ruwa ke fita. Na koma gefe ina kallon aikina, ina jin na haɗa ilimin Turawa da hikimar gida.

Asabar ta zo da rana mai zafi, irin wadda ba a cika samu ba. Gwaggo ta fito cikin farin leshi, ƙamshin turaren wuta da humra na riga ta isowa. Anti Bilki, wadda ta daɗe a Birmingham, ta ce tun jiya kayan ke kan kabbasa suna shan hayaki. Na durƙusa na gaishe su, na buɗe musu ƙofa. Rumasa'u na motar amarya a bayanmu.

Mun hau babban titi ke nan salansa ta ɗau zafi.

"Ɗan nan," in ji Gwaggo, "a garin nan ma ana babbakar ƙafar saniya da taya ne?"

Na ce wataƙila masana'antu ne, Gwaggo.

"Masana'antar tana bin mu ke nan," in ji Anti Bilki. "Kai, duba mirror ɗinka, please!"

Na duba. Motar amarya ta ɓace cikin shuɗin hayaki, fitilunta kawai nake hangowa suna ƙyafta mini. Na sauka a wurin hutawar matafiya, duk jerin motocin suka biyo ni. Na zagaya da sauri na buɗe wa Gwaggo. Rana ta riga ta narkar da abin da na ɗura a ƙofa, ya tsiyayo ya kwanta a dokin ƙofar. Gwaggo ta zuro ƙafa, farin leshi ya share shi tas.

Ta dubi baƙin layin da ya ratsa zanenta, ta sunsuna mayafinta, ta dube ni. A nan ne, ni da ba na iya haɗa jimla biyu a gaban mutane, bakina ya buɗe. Na yi bayanin gishiri, na yi na danshi, na bambanta tsatsar da ke sama da wadda ta huda ƙarfe. Amarya na leƙowa ta ƙarƙashin lulluɓi. Rumasa'u ta toshe baki da jaka, kafaɗunta na rawa.

Gwaggo ta bari na kai aya, sannan ta ce, "Sannu, Malam. Ita motar yanzu ba abin da zai same ta?"

"In sha Allahu, Gwaggo."

"To madalla. Mu ne dai muka ji jiki."

Aka raba su a sauran motoci. Ni kaɗai na ƙarasa Moss Side da gilasai a sauke. An ce da dangin ango suka rungumi Gwaggo, wata ta tambaye ta ko sabon haɗin turare ne daga Kano.

Na ɗauka magana ta ƙare, har na sauya kujerar da nake zama a laburare. Sai ga Rumasa'u ta nemo ni bayan an watse biki, ta ce Gwaggo ta bar saƙo kafin ta koma: "Yaron yana da kula, ko da yake ta yi yawa. In yana son zuwa gaisuwa ya zo. Amma ya hau bas."

A bas na je. Motar kuwa ta ga sanyi bayan sanyi, ko ɗigon tsatsa babu. Abin da na koya shi ne, abin da ya yi wa ƙyauren Baba amfani ya tsaya a ƙyauren Baba, don ƙyaure ba shi da salansa, kuma ba ya ɗaukar Gwaggo.