Ranar da Na Ja Iska da Taraktar Yaya

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ta lokacin sanyin Dubai ba, ina shekara ta biyu a wata jami'a a can. Ranar ce na hau tarakta a gaban taron maza, na yi abin da har yau idan na tuna sai in ja mayafi in rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Yayana Mansur ne ya jefa ni ciki. Makanike ne a wani kamfanin manyan injuna a Dubai Investments Park, kwana kuma a Sonapur, unguwar ma'aikata, ɗaki ɗaya shi da abokan aikinsa, gado a kan gado. Manajansu Bature ne ɗan Holan, ya zo musu da wani wasa na ƙasarsu, wato gasar jan nauyi da tarakta. Duk shekara idan zafi ya sauka sai a kawo jar ƙasa a tifa, a shimfiɗa ta a bayan sito-sito, a daddaɓe, domin yashin Dubai ba ya riƙe taya. Tsawon filin mita ɗari. A bakin filin akwai wata doguwar tirela mai faffaɗan farantin ƙarfe a gaba, a kanta kuma akwatin nauyi. Ana ɗaura ta a bayan tarakta da sarƙa. Kana tafiya akwatin yana matsowa gaba, farantin yana ƙara cizon ƙasa, har tarakta ta gaji ta tsaya tana haƙa rami da tayoyinta. Wanda ya fi kowa kai tirelar nesa shi ya ci. Aji biyu ne: na taraktocin da suke yadda kamfani ya ƙera su, da na waɗanda aka sauya musu ciki. A na biyun ne masu taurin kai suke, kuma a nan Yaya yake.

Sunan tasa Hajiya Babba. Tsohuwar tarakta ce da aka yasar, ya tashe ta daga matattu. Ya je Sharjah wajen masu sayar da ɓaraguzan motoci ya ciro tobo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, daga wata babbar mota ya liƙa mata. Ya sa an sassaƙe haƙoran tayoyinta. Duk abin da zai ƙara mata nauyin banza ya cire: madubi, murfin taya, har fankar sanyaya inji. Albashinsa kuwa cikinta yake shigewa, kamar ana zuba ruwa a yashi. Ya taɓa ce mini, "Auta, wannan baiwar Allah minti ɗaya gare ta a yini. Idan ta yi rurin nan sau ɗaya, sai gobe."

Ba don kofi yake wannan wahalar ba. Akwai wani Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi, mai shago a Naif, da yake son ya fara sayen tsofaffin taraktoci, a gyara, a loda a kwantena zuwa Nijar. Yana neman makanike ɗaya da zai riƙe masa garejin, da biza da ɗaki nasa na kansa. Mutum biyu ya sa wa ido, Yaya da wani Basudane mai suna Usman, ya ce zai zo gasar ya gani da idonsa. Ɗakin nan shi ne komai a wajen Yaya, domin da shi ne zai iya ɗauko matarsa da 'yarsu, wadda tun da aka haife ta a hoto kawai ya san ta.

To ina ni a ciki? A wajen awo. Dokar ajin ita ce a ɗora tarakta a sikeli da direbanta a kai, kuma akwai iyakar da ba a wucewa. Ana gobe gasa suka gwada, sikeli ya haura. Ko dai a cire ƙarafan da aka jera a goshinta, waɗanda su ne suke hana ta ɗaga kai sama, ko a cire Yaya. (Yaya da biriyanin 'yan Pakistan sun daɗe suna soyayya, kuma ta nuna.) Sai ya kira ni.

"Auta, har yanzu kina tuna tuƙin da kika koya a gonar Baba?"

"Ina tunawa mana, Yaya. Lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Me kika ci yau?"

"Shayi da biskit."

"Madalla. Gobe ma kada ki ƙara a kan haka."

Ni a lokacin yarinya ce mai tafiya da littafin waƙoƙi a jaka, mai tsayawa a gefen ruwan Deira tana kallon kwale-kwale har ta manta inda za ta. Da ya gama yi mini bayani, ban ji tsoro ba. Na kwanta ina ganin kaina a kan wani jan doki na ƙarfe, mayafina yana kaɗawa, ina jan duniya a bayana. Har na fara tsara baitocin da zan rubuta bayan nasara.

Bayan an sauko daga masallaci aka fara. Sararin sama ya yi wani irin fari-fari mai taushi, can nesa ƙugiyoyin gini sun jeru kamar zalɓe a bakin tafki. Ma'aikata sun cika gefen fili, wasu a kan tsofaffin tayoyi, wasu a kan rufin bas. Alhaji Mamman yana zaune a kujerar roba cikin farar shadda, da carbi a hannu. Ni kaɗai ce mace a wurin, kowa yana satar kallona, ni kuma ina yi kamar ban gani ba alhali ina ƙirga idanun.

Usman ya riga mu. Taraktarsa ta yi baƙin hayaƙi, ta ja tirelar ta wuce rabin fili da kyau kafin ta durƙusa. Aka tafa masa. Yaya ya kalli inda ya tsaya, ya yi murmushi, ya ce mini a hankali, "Hajiya Babba za ta wuce nan tana hamma."

Ya ɗora mini hular kwano a kan hijabi. Tasa ce, ta yi mini yawa, ta sauko har gira, ga auduga da ya cusa mini a kunne saboda ƙarar inji. Ya maimaita mini ƙa'ida: in ja da baya har gaban tirela, a ɗaura sarƙa, in jira mai tuta da ke can ƙarshen fili. Kore, tafi. Ja, tsaya. Akwai kuma wani farin layi ba nisa da wurin tashi. Idan matsala ta faru kafin layin, ana ba mutum dama ta biyu. Idan tayar gaba ta haye shi, khalas, an ƙirga.

Na ja da baya. Na ji ƙarar ƙarfe ya bugi ƙarfe a bayana, ƙwal, har cikin kujera. Na ce a raina an ɗaura. (Ba a ɗaura ba. Ƙugiyar sarƙar ce ta ƙi shiga ramin da Yaya ya ƙera mata a bayan taraktar, mai ɗaurin ya buga ta ta ƙi, ya juya neman guduma.) Na ɗaga kai na hango mai tuta, wani dattijo ɗan Balushi mai jan gemu, zaune a kan taya da kofin shayi a gefensa. Sai na ga kore ya tashi sama, ya kaɗa sau ɗaya, ya kaɗa sau biyu.

Ƙuda yake kora daga shayinsa. Wannan sai daga baya na sani.

Na saki kuloci, na ba ta wuta.

Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma wannan shi ne abin kunyar. Hajiya Babba ta yi wani ruri da na ji shi a ƙirji, ba a kunne ba, ta tashi kamar an buɗe wa tsuntsuwa keji. Yaya ya ce mini zan ji nauyi yana ƙaruwa, zan ji kamar ana jan zanena ta baya. Ni ban ji komai ba sai iska. Na ce Allahu Akbar, ashe haka ƙarfi yake, idan ya kai ƙarfi nauyi ma kunyarsa yake ji. Farin layin ya wuce ta ƙarƙashina kamar zare. Na wuce ramin da tayoyin Usman suka haƙa, har na ɗan tausaya masa.

Ta gefen ido na ga mutane sun miƙe tsaye. Suna ɗaga hannuwa, suna kaɗa huluna, bakuna a buɗe. Ban ji abin da suke cewa ba, amma me za su ce in ba yabo ba? Na ga Bature ya dafe kai da hannu biyu, na ce mamaki ne ya kama shi. Sai ga Yaya yana gudu a gefen fili, takalmi ƙafa ɗaya, tumbinsa yana gaba yana binsa, yana yi mini alama da hannu biyu. Zuciyata ta cika. Na ce dubi bawan Allah, murna ta sa shi gudu. Na saki sitiyari da hannu ɗaya na ɗaga masa babban yatsa, sannan na ƙara wuta don in faranta masa.

A cikin 'yan daƙiƙun nan na gama komai a kaina. Na ga ɗakin Yaya da labule mai furanni. Na ga 'yarsa tana rarrafe a kan kafet. Na ga kaina tsohuwa, ina ba jikoki labari.

Dattijo mai tuta ya ɗaga ja, ya ga ba ni da niyya, ya yi tsalle ya bar mini tayar da shayin. Na taka birki a bayan layin ƙarshe, ƙura ta lulluɓe ni, ta yi ruwan zinare a hasken la'asar. Na kashe inji. Sai na miƙe tsaye a kan tarakta (wannan ne wurin da na fi so a goge daga tarihi), na ɗaga hannuwana biyu sama, na ɗan rusuna wa jama'a ta dama, na rusuna ta hagu.

Na cire hular kwano, na zare audugar. Shiru. Sai wani daga kan rufin bas ya fashe da dariya, irin wadda mutum ya daɗe yana riƙewa, daga nan fili gaba ɗaya ya ɗauka. Na juya a hankali.

Tirelar tana can inda na bar ta, ko motsi ba ta yi ba. Mai ɗauri yana tsaye a gabanta, sarƙa a hannu ɗaya, guduma a ɗayan, yana kallona kamar wanda akuyarsa ta tsinke a kasuwa.

Yaya ya iso yana haki, ya dafa tayar Hajiya Babba. Bai kalle ni ba. Injin yake saurara, wanda yake wani tsit-tsit, wani koren ruwa yana ɗiga ta ƙasansa. An gina ta ne don ta yi ruri da kaya a bayanta. Da na sake ta ba komai, ta yi gudun da ya fi ƙarfin cikinta.

Bature ya zo, fuskarsa ja, yana ƙoƙarin haɗiye dariya. Ya ce ya yi haƙuri, amma doka ba tarakta take aunawa ba, tirela take aunawa, kuma taya ta haye farin layi. Sakamako, sifili. Yaya ya roƙe shi. Usman ma, Allah ya saka masa, ya ce shi bai ƙi a sake ba. Bature ya nuna ruwan da yake ɗiga, ya ce ko an yarda, da me za a sake?

Sai ga Alhaji Mamman ya tako, yana ɗage shaddarsa daga ƙura. Ya dube ni a sama, domin har lokacin ban sami ƙarfin sauka ba.

"Sannu ɗiyata. Kin gaji ko?"

"A'a, Alhaji."

"Ai na gani. Mi za ya gajiyar da ke?" Ya juya ga Yaya. "Bon, Mansur. Injin naka yana da zuciya, na ji muryarsa. Amma ni manomanmu garma za su ɗaura, ba tsere za su ba. Abin da na zo gani, wajen Usman na gan shi."

"Haka ne, Alhaji," in ji Yaya.

Shi ke nan. Usman ya samu garejin. Yaya ya koma gadonsa na sama a Sonapur, matarsa da 'yarsa suka ƙara shekara guda a Kano kafin Allah ya buɗa masa wata ƙofar.

A bas ɗin komawa na zauna kusa da shi, ina kuka a cikin mayafi ba sauti. Muka yi nisa yana ta kallon fitilun hanya. Na ce, "Yaya, ka yi mini faɗa mana. Shirun nan ya fi ciwo."

Ya numfasa. "Me zan ce miki, Auta? Ni na ɗora mai waƙa a kan tarakta." Ya juyo ya dube ni. "Amma rusunawar nan fa? Har sau biyu. Wa ya koya miki?"

Na ce ban sani ba, haka kawai ta zo mini. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Ya yi dariya har ya share ido, ni ma na shiga ciki, kuka da dariya a haɗe, 'yan Bangladash ɗin da ke gabanmu suna waiwaye. Ban san rabin hawayen nasa na mene ne ba, ban kuma tambaya ba.

Tun daga ranar na koyi abu ɗaya, kuma ya yi mini amfani a aiki da aure da komai. Duk lokacin da na ga al'amari yana tafiya mini sumul, ba nauyi ba gargada, jama'a kuma sun miƙe suna ɗaga mini hannu, ba na saurin rusunawa. Tsayawa nake in tambayi na kusa da ni, a hankali, ko akwai wani abu da ya kamata a ce ina ja.