Kunun Tsiro a Barandar Ain Khaled

Ko an tashe ni daga barci ba zan manta da Juma'ar da na buɗe gidan goge a falonmu na unguwar Ain Khaled ba. Ni nas ce a Doha, kuma abin ya samo asali ne daga wata abokiyar aikina Ba'amurkiya da ta gayyace mu walima, ta mayar da gidanta tamkar tsohuwar mashayar ƙauyensu, ga benci, ga kiɗan buluz mai sa kewa. Ina zaune ina cin kazarta ina cewa a raina, ai mu ma muna da namu a ƙauyenmu na wajen Kafanchan, har ya fi wannan daɗi.

Ana cikin haka Bitrus, wanda zai aure ni, ya ce kawunsa Ishaya zai zo Doha. Dattijon coci ne, ko warin giya ba ya so, kuma dangi sun ɗora masa aikin ya duba ni ya kai rahoto gida. Mai hankali da ta dafa tuwo ta yi shiru. Ni kuwa na ce zan nuna masa ƙasar waje ba ta ɓata ni ba.

Na je kasuwar Souq Waqif na sayo dawa, da tulu, da tabarmi. Ƙorai kuwa na are su wajen Rahila da muke gida ɗaya. Na samo kiɗan goge a waya. Abu ɗaya na cire daga tsarin, wato burkutu, na maye gurbinsa da kunun tsiro, wanda ake jiƙa dawa har ta tsira don zaƙi. Da na dama, na tarar firji ya cika da kayan mutanen gida, sai na zuba a tulu na ajiye a baranda tun farkon mako (a raina wai tulu yana sanyaya abu, na manta nan zafin ranar Doha ne, ba inuwar mangwaron gidanmu ba). Ban ɗanɗana ba, don aikin asibiti ya sha kaina.

Ranar Juma'a da la'asar falo ya cika. Kawu ya shigo ya ga tabarmi, ya ji goge, fuskarsa ta washe. Na durƙusa har ƙasa na miƙa masa ƙwarya ta farko, da kumfa a samanta, ina jin kaina.

Ya kurɓa. Ya lumshe ido. Ya sake kurɓa, wannan karon da tsawo. Sannan ya ajiye ƙwaryar a hankali ya dube ni.

"'Yata, wa ya koya miki wannan?"

"Ni na yi da hannuna, Kawu," na ce, har da murmushi.

"Rabona da wannan ɗanɗano tun kafin in tuba."

Goge na ta kuka a waya. Rahila ta shinshina tata ƙwaryar, ta dafe kai. Wallahi na ji kamar in shige cikin tulun in rufe kaina. Na shayar da dattijon coci burkutu, a durƙushe, a ƙasar da ake iya korar mutum gida kan haɗa irin wannan.

Bitrus ne ya fara dawowa hayyacinsa. "Yalla, maza a kai bayi!" Haka ni da Rahila muka kinkimi tulu da zannuwanmu na ado muka juye shi, muka bi da sabulu da turare. Na daɗe a bayin ina kuka, don na tabbata aure ya bi kunun.

Da na fito, na tarar da Kawu yana shan ruwan roba yana kaɗa ƙafa. Ya kira mahaifiyar Bitrus a gabana, ya ƙara sautin waya don kowa ya ji.

"Na gan ta. Tana da ladabi, ba ta manta gida ba. A sa rana. Amma ranar biki ku ba ta shinkafa ta dafa, kada wanda ya bar ta kusa da dawa."

An yi auren. Har yau idan muka je gida, surukata da kanta take dama kunu, ni kuma a ba ni wanke ƙorai. Abin da na koya shi ne, duk abin da za ki miƙa wa dangin miji a durƙushe, ki fara kurɓa a tsaye.