Tumbina a Tsakanin Yohanna da Kwamared

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba a Ƙaura Namoda ba. Ko na so in manta ma ba hali, don akwai tabo a tumbina, yatsa biyu sama da cibiya, da ke gaishe ni duk sanda na shiga wanka.

Lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandare da ke bakin gari. Jihar Zamfara tana jaririya, ko rarrafe ba ta gama ba, sai ga shi an ƙaddamar da Shari'a. Gari ya sauya kamar an juya waina. Wanduna suka ɗage, masu sayar da giya a bayan tasha suka koma sayar da lemo, gemu ya fara tsiro a haɓar da ba ta taɓa sanin gashi ba. (Ni ma na gwada gemun. Gashi bakwai suka fito, na ƙirga su, biyu daga ciki suka duba yanayi suka koma.)

A ofishin malamai muna da mutum biyu da ba sa gajiya da musu. Na farko Malam Yohanna, mutumin ƙasar Zuru, malamin lissafi, dattijon coci, wanda ko ruwa zai sha sai ya rufe ido ya gode wa Ubangiji. Na biyu Malam Bitrus, malamin kimiyya, wanda muke kira Kwamared. Ubansa mai wa'azi ne a wajen Kafanchan, amma shi da ya je karatu Rasha sai ya dawo da digiri da hular sanyi, imanin kuwa ya baro shi can cikin ƙanƙara. Cewa yake yi babu Allah, babu mala'ika, babu aljan, babu komai sai abin da za a iya aunawa. Da Shari'a ta zo, muka zaunar da shi muka ce, "Kwamared, muna son ka da ranka da lafiyarka. Wannan maganar taka, iyakarta ƙofar ofishin nan." Ya yarda. Sai dai duk musun da a da yake rabawa gari, yanzu ya tattara shi ya sauke wa Yohanna shi kaɗai.

Kullum da an tashi tara za su fara.

"Yohanna, nuna mini shi. Sau ɗaya kawai. In gan shi, ko in ɗora shi a sikeli."

"Bitrus, ƙaunar da mahaifiyarka ke yi maka kilo nawa ce? Ka taɓa aunawa?"

"Ita ai ina ganin doyar da take aiko mini."

"To ni ma ina ganin ruwan sama da yake aiko mini."

"Girgije ne ya aiko maka!"

"Girgijen ubanka ne ya ɗinka shi?"

Ni suka naɗa alƙali. Hujjarsu ita ce, tunda ni Musulmi ne, a wurina dukansu biyu sun saki hanya, don haka ba zan yi son kai ba. Muƙamin ya yi mini daɗi ƙwarai. Ina da kujerata ta musamman kusa da taga, ni ke cewa wane ya yi shiru wane ya yi magana, kuma wanda duk ya ci ranar shi ke saya mini ƙosai don murna, wanda ya faɗi kuma ya saya don neman sassauci gobe.

To a nan sai in faɗa muku wani ɗan aibina. Ina da ƙarin gishiri a zance. Shekaru da yawa ina ba da labarin cewa kakana Sarkin Tauri ne a Badarawa, kuma tun ina jinjiri ya ɗura mini maganin ƙarfe, wuƙa ba ta cin jikina. Labarin kullum girma yake yi. Da farko reza ce ta lanƙwashe a hannuna. Bayan shekara biyu ta zama gatari. Daga baya har wani maharbi ya harbe ni a dajin Zurmi bindigarsa ta tsiyayar da ruwa. Na ba da labarin nan a tasha, na ba da shi a wurin suna, na ba da shi har a wurin neman aurena. (Gaskiyar magana, kakana gishiri yake sayarwa, kuma in za a yanka kaza a gidansa zagayawa bayan rumbu yake yi sai an gama.)

Ranar da tsautsayi ya kira ni, musun a kan tsamiyar bayan makaranta ne. 'Yan mata biyu sun faɗi a gindinta. Yohanna ya ce mugayen ruhohi ne, a yi addu'a. Kwamared ya ce yunwa ce da zafin rana, a ba su kunu. Har ya miƙe tsaye ya buga tebur.

"Duk faɗin ƙasar nan, daga nan har Shinkafi, babu mutum ɗaya da zai nuna mini abu ɗaya da ya fi ƙarfin kimiyya. Ɗaya tak!"

Da na yi shiru na ci ƙosaina, da yau tumbina sumul yake. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Kwamared, ga ni zaune a gabanka."

Kwamared ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Alƙali, labarin taurin nan naka? To mu gani. In wuƙa ta ƙi cin ka, ranar Lahadi zan bi Yohanna coci, in zauna a bencin gaba, in yi waƙa har da tafi. In kuwa ta ci ka, ka sauka daga kujerar nan, kuma ka faɗa mana sana'ar kakanka ta gaskiya."

Yohanna ya ɗaga hannu. "Ni dai ba ruwana. Allah ba ɗalibi ba ne da za a shirya masa jarrabawa. Alƙali, ka rufa wa kanka asiri."

Ban rufa ba. Na ce Laraba mai zuwa. A raina har ina ganin lada nake nema: zan karya kafirci a gaban shaidu, in riƙe kujerata, in riƙe sunan kakana.

Ranar Alhamis na hau mota na tafi kasuwar Shinkafi, inda ba idon sani, na sayi wuƙa doguwa mai kube. Dabarata mai sauƙi ce. Rabin wuƙar na wajen tsini zan bar shi da kaifinsa, rabin da ke wajen ƙota kuwa in dakushe shi. Kwana uku ina bayan gida ina goga ta a dutse, har wajen ƙotar ya zama ko tuwon jiya ba zai yanka ba. Na gwada a tumbina sau goma, ko ja bai yi ba. Na mayar da ita kube na tura ƙarƙashin katifa. Ranar Litinin muna cin tuwo na kasa haƙuri, na ce wa maiɗakina Rabi, "Jibi zan kunyata wani mai cewa babu Allah. Da wuƙa zan yi masa bayani."

Ta ce, "Allah shi ba da sa'a, Malam."

Laraba ta zo. Ko ranar biyan albashi ban taɓa ganin ofishin malamai ya cika haka ba. Malaman da ba su da darasi sun zo, masu darasi sun bar yara da aikin rubutu sun zo, har shugaban makaranta ya tsaya bakin ƙofa yana yi kamar allon sanarwa yake karantawa. Na tuɓe riga. Na tuɓe singileti. Tumbina ya fito ya gaida jama'a. (A lokacin ya kai girman tukunyar biki, in na juya sai ya ɗan jira kafin ya biyo ni.)

Na zare wuƙa. Kwamared ya ce sai an gwada kaifinta, abin da nake jira ke nan. Na karɓi sandar rake, na sare ta da wajen tsini, ta rabu biyu kamar ayaba. Jama'a suka ce, "Kai!" Ban ko kalli wajen ƙota ba. Me zan kalla? Ni na dakushe shi da hannuna.

Sai na shiga kirari, ina zagaya tebur. "Ni ne jikan na Badarawa! Ƙarfe ƙanena ne, tare muka sha nono! Maƙeri ya gan ni ya rufe maƙera!" Yohanna ya rufe ido yana motsa baki. Na tsaya a gaban Kwamared, na ɗora wajen ƙota a tumbina, na dube shi ido cikin ido, na ja.

Abin da na fara ji sanyi ne. Na ce a raina, yau kuma wuƙar nan wani irin taushi take da shi. Sai na ga fuskar shugaban makaranta ta canza. Na sunkuya. Wani jan layi ne ya miƙe a tumbina, kamar an ja shi da jan biro a littafin yaro, sannan ya buɗe baki.

Wanda ya fara ihu Kwamared ne. Mutumin da ya shekara goma yana cewa sama ba kowa, shi ya dafe kai ya kurma ihu, "Yesu!"

Ni kuwa jikan Sarkin Tauri, da na ga jinina, sai na yi abin da kakana na gaskiya zai yi. Na sume.

Da na farfaɗo ina kwance a kan tebur, kaina bisa littattafan jarrabawa. Kwamared ya danne ciwon da hular sanyinsa ta Rasha. Yohanna na yayyafa mini ruwa. Kuma wallahi musu suke yi a kaina.

"Na ji ka da kunnena, Bitrus. Wa ka kira?"

"Sabon baki ne! Haka mahaifiyata ke cewa in tukunya ta faɗi."

"To me ya sa ba ka kira sikeli ba?"

"Kai dai tayar da babur, mutum na zubar da jini!"

Haka muka tafi asibiti mu uku a babur ɗin Yohanna: shi a gaba, ni a tsakiya ba riga, Kwamared a baya ya rungume ni yana riƙe da tumbina. Hanyar kuma sai ta gaban kasuwar hatsi, ranar da ta cika. Masu awo suka ajiye tiya suna kallo. Wani ya ɗaga murya, "Malam, ba kai ne bindiga ta yi wa ruwa a Zurmi ba?" Su kuwa biyun ba su fasa ba, Yohanna na cewa Ubangiji ne ya tsayar da wuƙar, Kwamared na cewa kitse ne. Malamin asibiti ya yi mini ɗinki huɗu, ya ce a ganinsa duka biyun suna da gaskiya.

Da la'asar aka kai ni gida. Rabi ta fito da gudu tana salati. Da ta ji abin da ya faru sai ta tsaya, ta dube ni da mamaki na gaskiya, ba wasa a fuskarta.

"Malam, wuƙar ta ci ka? Ta yaya?"

Na ce, "Abin da nake son sani ke nan. Wa ya taɓa ta?"

"Ni ce. Jiya ina kakkaɓe katifa na gan ta, rabinta duk ya dakushe. Na ce kada arnen nan shi ce ka yi mishi wayo. Da mai washi ya biyo ta ƙofar gida sai na ba shi, na ce shi wasa ta tun daga tsini har ƙota." Sai idonta ya cika da ƙwalla. "Ai kai ka ce wa Baba ƙarfe bai cin ka, ranar da ka zo neman aurena. Ina bayan ƙofa ina ji."

Shekara goma sha biyu da aurenmu! Duk faɗin Ƙaura Namoda, mutum ɗaya ce ta taɓa gaskata labarina tsakani da Allah, kuma ita ce ta kusa aika ni lahira.

Ranar Litinin na koma makaranta ina tafiya kamar mai tsohon ciki. Na tsaya a tsakiyar ofis na ce, "Jama'a, kakana gishiri yake sayarwa." Aka yi tafi. Malamin addini ya ja ni gefe ya karanta mini abin da ya sawwaƙa a kan tsafi da ƙarya, ya ce in gode Allah labarin bai wuce kasuwar hatsi ba. Kujerar alƙalanci aka ba malamin tarihi, mutumin da ko ƙosai ba ya so.

Kwamared bai je coci ba, Yohanna kuma bai daina tambayarsa wa ya kira ba, har aka yi musu canjin wurin aiki. Hular Rasha tana nan a akwatina, ya ce in riƙe, ba ta wankuwa.

Abin da na koya kuwa guda biyu ne. Allah ba ya buƙatar dakusasshiyar wuƙata kafin ya zama Allah. Sannan in har sai ka ƙara gishiri a zance, to ka fara leƙawa ka ga wa ke bayan ƙofa.