Rasuwar Gwaggo Mai Warin Fetur

Da zuciya mai nauyi, da baƙin cikin da na kasa haɗiyewa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Gwaggo, farar motar gidanmu mai ƙofa huɗu, uku daga ciki masu buɗuwa. Muna ce mata Gwaggo ne saboda Baba ya kawo ta tun muna yara, ya ce mu girmama ta kamar ƙanwarsa. Ta rasu a harabar gida alhali injinta lafiya lau yake. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Marigayiyar mai haƙuri ce da sanin ya kamata. Ta ɗauki katifa, ta ɗauki siminti, ta kai masu naƙuda asibiti ba tare da ta tambayi ko 'yan gidanmu ne ba. Ko lalacewa za ta yi, sai ta lallaɓa ta kai gefen titi, don kada ta ba mu kunya a idon jama'a. Da safe takan yi "kir-kir-kir", ta yi tari, sannan ta ce "burum". Da yamma kuwa tun daga farkon layi ake jin "fat-fat-fat" na salansarta, yara su ruga su buɗe get.

Magani ne ya jawo mata ciwon ajali. Ta fara shaƙewa idan tana hawa tudu, na kai ta gareji, bakanike ya ɗaga kujerar baya ya canja mata famfon mai. Ta dawo da ƙarfinta kamar ba ita ba, amma ta dawo da warin fetur. Ya ce ragowar man da ya zube ne, zai bushe. Bai bushe ba. Muka canja murfin tanki, muka canja tiyo, muka ƙara ɗaure duk abin da yake ɗauruwa. Na shimfiɗa mata kwali a ƙasa ko zan ga inda take ɗiga, gari ya waye kwalin ya fi aljihuna bushewa. Sai muka lura warin ya fi tashi idan an cika tanki, ko an sha kwana da ƙarfi, amma ba wanda ya ga ko ɗigo.

Maman yara ta daina shigarta. Yaran suka riƙa sauka a makaranta da ciwon kai. A wurin aiki kuwa har tambayata ake ko na fara sayar da mai a galan ban faɗa wa kowa ba.

Mutum ɗaya ce ciwon Gwaggo ya yi wa rana, ita ce mahaifiyata. Baba ya ƙare rayuwarsa yana zuba wa motoci fetur a gidan mai, kullum da warin yake dawowa. Tun da ya rasu tunanin Inna ya fara gushewa, har ta daina gane mu. Ba ta cin abinci sai maigida ya dawo, haka ta saba tun aurensu, shi kuma ba dawowa zai yi ba. Ta rame har zobenta yana zamewa. Ranar da na dawo da Gwaggo daga gareji, na durƙusa zan gaishe ta, sai ta kama hannun rigata ta shinshina.

"Malam, ka dawo?" in ji ta. "A kawo abinci."

Ta cinye kwanonta tas. Tun daga ranar, da ta ji "fat-fat-fat" sai ta gyara ɗaurin kallabi. Nakan zauna kusa da ita da rigar da na yi tuƙi da ita, muna ci tana kawo mini ƙarar babban ɗana, wato ni, cewa taurin kansa ya yi yawa. Kumatunta suka fara cikowa. Ina neman yoyon nan da gaske, amma duk ranar da aka duba ba a gani ba, nakan dawo gida zuciyata wasai, kuma ina jin tsoron wannan wasai ɗin.

Wani bakaniken ne daga baya ya ce a sauke tankin gaba ɗaya. A samansa ciwon yake, inda ido ba ya kaiwa. Tsatsa ta cinye bakin da famfo yake zama, da aka ɗaure sabo sai wurin ya tsage. Man yakan taru a sama, ya gangaro ta gefen salansa mai zafi, ya bi iska kafin ya kai ƙasa. Shi ya sa kwali bai taɓa jiƙa ba. Bututun da ke kai mai inji ma da ya taɓa shi sai ya marmashe a hannunsa. Mai walda ya ce babu ƙarfen da zai kama, kuma mun zaga duk masu kayan gyara, an daina samun tankin irinta.

Wurin kwanan Gwaggo yana tsakanin tagar Inna da ƙofar kicin, inda tukunyar gas take. Likita kuma ya ce tarin da Inna ta fara kwanan nan ba na sanyi ba ne, na shaƙar fetur ne. Maman yara ba ta ɗaga murya ba.

"Baban yara, ni ma ina so Inna ta ci abinci," ta ce. "Amma ka dubi inda nake kunna ashana."

Da hannuna na cire batirin.

Marigayiyar ta bar sifiya guda wadda ba ta taɓa riƙe iska ba, da jak, da makulli biyu, da ni. Ta bar Inna, wadda tun da aka wanke rigunana ba abin da ya shiga cikinta sai ruwan shayi. Jiya na tsaya a gidan mai da hankici a hannu, ina kallon bakin famfo, ina so in ɗiga masa fetur in kai mata warin. Na tuna tarin Inna, na mayar da shi aljihu. Ban san ko gobe ma zan iya mayarwa ba.

Za a fitar da gawa gobe bayan azahar, lokacin da Inna take barci. Da hannu za mu tura ta zuwa ƙarshen layi, inda motar janwe za ta jira ta kai ta wurin 'yan gwangwan. Ana roƙon masu rakiya su bar sigari da ashana a gida, kada kuma kowa ya danna hon don ban kwana. Za a karɓi gaisuwa a harabar gida, inda tayoyinta suka bar shaida.

Duk wanda ya shiga gaida Inna, za ta tambaye shi ko Malam ya dawo. Don Allah kada a ce mata komai game da mota. A ce layi ne ya yi tsawo a gidan mai, ya aiko ta fara ci, yana tafe. Ni na faɗa mata haka, ta ce ni yaro ne, me na sani. Wataƙila idan ta ji daga bakin manya ta yarda.