Yadda Za Ka Rufe Bakin Ƙarfen Sabis Kada Ya Kai Ƙararka

Kai da kamfani ya damƙa wa kula da ƙarfen sabis ɗin waya na unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, kana so ka riƙa leƙa aiki sau ɗaya a mako, kuma kada a kore ka? Bi matakan nan. Na gwada su da hannuna, sakamako tabbas ne.

1. San maƙiyinka

Ba mutanen unguwa ba ne. Su iyakarsu su ɗaga waya sama su tsine wa kamfani. Maƙiyinka ƙarfen ne da kansa. Ban da hotuna da bidiyon jama'a da yake dako, yana da wata 'yar hanya ta daban da yake aika wa ofis rahoto: batir ya yi sanyi, fanka ta tsaya, yau kwana shida ba a buɗe ƙofa ba. Na zauna gidan haya shekara tara, ban taɓa ganin magulmaci irinsa ba.

2. Tausaya wa talakawa

A ƙa'ida rahoton ofis ne ke fara wucewa ko da hanya ta cushe. Wannan zalunci ne. Shiga na'urar ƙarfen ka mayar da rahoton ƙarshen layi, bayan bidiyon biki da hotunan atamfofin da Hajiya Binta, maƙwabciyar ƙarfen, ke tallatawa ta waya.

3. Karɓi yabo

Hajiya za ta tare ka ta ce, "Malam, Allah ya yi albarka, yau hotunana sun tafi ba gargada." Ka sunkuyar da kai ka ce, "Aikinmu ne, Hajiya." Kada ka ƙara ko kalma. Gwani ba ya bayani.

4. Toshe hanyar gaba ɗaya

Rahoton da ya makara ma wata rana zai isa. Rufe hanyar ruf, ka sa babbar riga ka tafi ɗaurin aure unguwar Babban Giji. Ci waina hankali kwance.

5. Amsa waya da natsuwa

A nan akwai ɗan abin da na manta. Cikin saƙonnin da ka toshe har da gaisuwar da ƙarfen ke aikawa duk minti: ina nan lafiya. Ofis bai damu da ƙorafi ba, akwai dubu a ajiye ba wanda ya karanta. Amma wanda ya saba gaisuwa ya yi shiru, ai sai a je dubiya. Shugabanka, Oga Shehu, zai taso da mota da injiniyoyi biyu, ya tarar da ƙarfe garau, ciyawa ta kai gwiwa, kwaɗon ƙofa ya yi tsatsa. Sai ya kira ka.

"Kana ina?"

"Ina gindin ƙarfe, Oga."

"Ikon Allah. Ni ma."

Hattara

Duk wanda ya bi shawarar nan, shi da abin da ya same shi, ba ruwana. Mai neman ƙarin bayani ya tsaya bakin titin gidan zu ya ɗaga hannu. Adaidaita sahu nake ja yanzu, kuma ba na ɗaukar injiniya kyauta.