Kwamishinan da Na Naɗa a Badarawa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, domin a shekarar ne ni ma na naɗa kwamishina, alhali ban wuce mai karanta labarai a gidan rediyo ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne hedimastan wata firamare a Badarawa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Ritayarsa ta kusa, sai ga labari cewa sabon gwamna ya sa sunansa cikin waɗanda yake so su zama kwamishinoni.

Kawu ba mai gaggawa ba ne. Ya kira ni zaure, ya ce an gaya masa ma'aikacin gwamnati ba ya riƙe irin wannan muƙami sai ya ajiye aiki, shi kuma ba ya son ajiyewa sai ya tabbatar. Tunda ni nake bayanin sabon tsarin mulki a rediyo, in faɗa masa gaskiya.

Na gyara zama, na sauke murya irin ta labarai. Na ce gwamna shi ne shugaban zartarwa, kwamishinoni masu taimaka masa ne da ba shi shawara, don haka shi ke zaɓar abinsa. Kawu ya ce ya ji ana batun majalisa. Na yi murmushi (har yau ina jin nauyin murmushin nan) na ce wannan cika ƙa'ida ce kawai. Mu da muka tashi a zamanin soja, abin da muka sani shi ne gwamna ya faɗa, mu karanta, gobe mutum ya shiga ofis. Wurin da tsarin mulkin ya ce sai majalisar dokoki ta amince, da bakina na karanta wa jama'a shi, amma ban taɓa zaton akwai majalisar da za ta ce a'a ba.

Kawu ya ajiye aiki.

Ranar da majalisa za ta zauna, ni na kawo shawarar walima. Aka yanka rago, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, malamai da iyayen yara suka cika layin, wasu tun daga Hayin Banki. Kafin in tafi aiki na ce a ajiye rediyo a tsakiya, a ƙure murya, domin ni ke da labaran yamma. So nake albishir ya fito daga bakina.

Ina zaune gaban makirufo edita ya miƙo mini takarda. Majalisa ta ƙi amincewa da sunayen, dukansu. Jar fitilar fara labarai ta kama, babu wanda zan miƙa wa. Na karanta labarin, na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya har na zo kan na kawu, na ba kowane harafi haƙƙinsa kamar yadda aka horar da ni.

Da na isa Badarawa an naɗe tabarmi. Tukwane na nan a rufe, matar kawu ta amsa gaisuwata ba ta ɗago kai ba. Shi yana zaure, ya cire babbar riga ya ninke ta a gefe. Na durƙusa.

"Ka karanta da kyau, ɗana," in ji shi. "Ko sau ɗaya ba ka yi tuntuɓe ba."

Na roƙe shi gafara. Ya ce shi ya tambaya, shi kuma ya sa hannu a takardar ajiye aiki. Sannan ya ce in shiga in ci abinci kada ya lalace.

Makarantar an riga an tura mata wani hedimasta. Sunayen kuwa ba su taɓa wucewa ba. Kawu ya ƙarasa rayuwarsa yana yi wa yaran unguwa darasi a zaure, 'yan tsokana suna kiransa Kwamishina, yana amsawa. Har ya rasu bai sake tambayata komai game da gwamnati ba.

Na daɗe ina karanta labarai bayan haka, mutane suna cewa muryata na sa su gaskata abu. Shi ya sa yanzu in aka nemi in tabbatar da wata magana, ko da ɗaurin auren da na halarta ne, sai in ce a dakata tukuna, majalisa ba ta zauna ba.