Alhaji Haladu Ba Ya Wuce Bismillah

Idan ana lissafa mutanen da suka fi ƙarfin zuciyarsu a Haɗejiya, da Alhaji Haladu ake farawa, kuma yawanci shi yake fara lissafin don kada ya wahalar da jama'a. Dillalin shinkafa ne, amma ya fi so a san shi da kamun kai. Tarihinsa ma shaida ne. Ya daina taba da taimakon goro. Ya daina goro da taimakon lemon kwalba. Lemon ma ya kusa bari, sai kilishin da ya ɗauko don ya taya shi yaƙin ya zo ya haɗa kai da abokin gaba. Mutumin da ya bar abubuwa da yawa haka ya cancanci sarauta, shi ya sa 'yan kasuwa suka naɗa shi Sarkin Dainawa.

Bara bayan girbi wani ɗan gyambo ya fito masa a babban yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa. Likita ya auna jini ya ce sukari ya yi yawa. Ko dai Alhaji ya rage ci ya riƙa tattaki kullum, ko kuma a yanke yatsan. Alhaji ya fito daga asibiti da fara'ar wanda aka ƙara wa girma. Kafin la'asar ya sayi farin takalmin kambas, ya tara majalisa a ƙofar gidansa.

"Jama'a," in ji shi, "yawancin abin da kuke kira yunwa raunin zuciya ne. Ni da kuke gani, daga yau na juya wa tukunyar gidana baya. Mai son ya koyi haƙuri ya zuba mini ido."

Kuma ya cika alkawari. Matarsa, Hajiya Ummussalma, tana dafa masa zogale da wake, ya ɗan taɓa, ya ture kwanon da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji.

Saura tattaki. Likita bai faɗi lokaci ba, saboda haka Alhaji ya zaɓi bayan azahar, daidai lokacin da kowane mai neman halal yake buɗe kwanonsa. Hanyar ma shi ya tsara ta: ta rumfar masu kifi, ta layin teloli, ta ɓulle bakin gada inda manoman fadama suke hutawa.

To, kowa ya san idan kana ci mutum ya zo wucewa sai ka ce masa bismillah, shi kuma ya ce alhamdu lillahi ya yi gaba. Ladabi ne, ba gayyata ba. Amma ilimin Alhaji ya wuce nan.

"Yaya za a ambaci sunan Allah a gabana in wuce kamar ban ji ba?" Haka yake faɗa yana naɗe hannun riga. "Ni ba ci nake yi ba. Amsa kira nake yi."

Ya amsa kiran biski da miyar kifi wajen Malam Modu mai banda. Ya amsa na ɗanwake wajen teloli. A bakin gada ya amsa na shinkafa da mai da yaji, ya kora da fura don kada manoma su ce ya raina su. Ya dawo gida yana nishi, ya ce a kawar da zogalen nan, yau ya yi wa jikinsa horo mai tsanani.

Gyambo kuwa sai faɗi yake yi. Da Hajiya ta gano inda gizo ke saƙa, sai ta yafa mayafi ta bi hanyar da ƙafarta.

"Malam Modu, don girman Allah in kun gan shi ku yi shiru."

"Haba Hajiya! Ina ci babban mutum yana tsaye a kaina? Ai sai a ce ban sami tarbiyya ba."

"A faɗa ɗin. Ƙafarsa ce za ta tafi."

Washegari Alhaji ya iso rumfar kifi ya yi sallama. Modu ya amsa, ya sunkuyar da kai cikin kwano. Alhaji ya tambayi gajiya. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi ambaliyar da ta janye tun kafin girbi. Modu yana ci yana gumi, bai taɓa haɗiyar loma mai ɗaci irin ta ranar ba, amma bai ce bismillah ba. Teloli suka rufe kwanuka da yadin mutane. Manoma suka juya suna kallon kogi.

Da yamma majalisa ta sha jawabi.

"Haɗejiya ta lalace! Mutum ya ga dattijo ya kasa ce masa bismillah? Ni ba don abincin ba, kun san ni da abinci. Tarbiyyar nake wa kuka."

Wani zai karaya. Sarkin Dainawa kuwa sai ya mai da tattakinsa garin Kirikasamma, inda ya ce iska ta fi tsabta kuma mutane sun san darajar baƙo. Da yake akwai nisa, a mota yake zuwa, a mota yake dawowa, kambas ɗinsa fes. Ranar kasuwar Birniwa ma yakan leƙa, don motsa jiki ba ya son tsayawa wuri ɗaya.

Cikin damina aka yi masa aikin a asibiti. 'Yan dubiya suka cika ɗakin, Hajiya tana gefe idonta jawur. Alhaji ya jingina da matashi, ƙafa a naɗe, ya yi gyaran murya.

"Masu cewa tsarina ba ya aiki, yau sai su zo su ji. Da safen nan aka ɗora ni a ma'auni. Nauyina ya ragu."

Gaskiya ya faɗa. Ya ragu da yatsa ɗaya.